Babi na Shida: Ciwon Hanta ta Hanyar Allurar Asibiti

Ciwon hanta nau'in B da nau'in C ba sa bin iska, ba sa kuma bin abinci ko ruwan sha kamar yadda nau'in A da nau'in E suke yi. Jini ne babbar hanyarsu. Sai jinin mai ɗauke da ƙwayar cutar ya sami kafar shiga jikin wani sannan take yaɗuwa, ko da yake nau'in B yana bi ta saduwa, yana kuma bi daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa. Allura kuwa kafa ce da ma'aikacin lafiya yake buɗewa da hannunsa a jikin majinyaci. Shi ya sa sakaci kaɗan wajen yin ta yake iya mayar da ɗakin shan magani wurin kwasar cuta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana yin allura kimanin biliyan 16 a duniya kowace shekara, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na magani ne, na rigakafi ba su wuce kashi 5 ba. A lissafin hukumar na shekarar 2000, allurai marasa tsabta sun jawo wa mutum miliyan 21 ciwon hanta nau'in B, miliyan 2 nau'in C, wasu 260,000 kuma ƙanjamau. Da aka sake lissafi a kan shekarar 2010, adadin ya sauka zuwa kimanin miliyan 1.7 na nau'in B, har zuwa 315,000 na nau'in C, da har zuwa 33,800 na ƙanjamau. An samu sauƙi ƙwarai, amma ko a alƙaluman na biyu za a ga cewa ciwon hanta ya ninka ƙanjamau sau da yawa, alhali ƙanjamau ce cutar da mutane suka fi tunawa idan an ambaci tsohuwar allura.

Dalilin wannan tazara yana cikin halin ƙwayoyin cutar. Ƙwayar nau'in B tana iya yin aƙalla kwana 7 a cikin busasshen jini a kan tebur ko faranti ba ta mutu ba, kuma gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna ta nau'in C tana iya yin makonni a cikin sirinji. Idan allurar da aka cire daga jikin mai ƙanjamau ta soki ma'aikaci, haɗarin kamuwarsa kimanin 3 ne cikin 1,000. Na nau'in C ya kusa 2 cikin 100. Na nau'in B kuwa yana iya kaiwa 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba. Jinin da ake bukata bai kai wanda ido zai gani ba.

Sai kuma matsalar shiru. Nau'in C yana iya ɗaukar mako 2 zuwa wata 6 kafin ya nuna alama, kuma galibin waɗanda suka kamu ba sa ganin komai: babu shawara a ido, babu baƙin fitsari, sai dai wata kasala da za a ɗora wa zazzaɓi. Kimanin kashi 70 cikin 100 cutar tana zama a jikinsu, tana cin hanta a hankali, har bayan shekara 20 wasu hantarsu ta ƙeƙashe, wasu kuma ta kai su ga sankara. Wanda ciki ya kumbura masa yana ɗan shekara hamsin ba zai taɓa danganta abin da wata allura da aka yi masa yana ɗan talatin ba. Saboda haka ɓarkewar da aka gano aka rubuta kaɗan ce daga cikin wadda ta faru.

Kowa ya san haɗarin soka wa mutum biyu allura ɗaya, kuma da wuya a sami ma'aikacin da zai kare wannan aiki a bainar jama'a. Kuskuren da ya fi ɓarna a asibitocin zamani ya fi wannan ɓoyuwa. Ma'aikaci yakan ɗauka cewa tsinin ƙarfen ne kaɗai ya taɓa majinyaci, don haka idan ya cire shi ya sa sabo, sirinjin ya tsarkaka. Ba haka ba ne. Yayin da ake tura magani a jijiya, jini yakan ɗan koma baya, kuma cire allurar daga bakin sirinji yana haifar da ɗan zuƙo da ke jawo abin da ke cikinta zuwa ciki. Ko ta robar ƙarin ruwa aka bi, ba a soki fata ba, hakan na faruwa. Idan aka mayar da wannan sirinji cikin kwalbar magani don a ƙaro, kwalbar ta gurɓata. Daga nan duk wanda aka ɗebar wa daga cikinta yana cikin haɗari, ko da an fasa masa sabon sirinji da sabuwar allura a gaban idonsa. Abin kamar randar gida ne: idan moɗa ɗaya mai dauɗa ta shiga, tsabtar sauran moɗayen ba ta da amfani.

Misalin da aka fi bin diddiginsa ya faru ne a birnin Las Vegas na jihar Nevada a Amurka. A farkon shekarar 2008, hukumar lafiya ta kudancin jihar ta lura da wani abu ƙarami. Yankin da bai saba samun sabbin masu nau'in C da suka wuce huɗu a shekara ba, sai ga rahoton mutum biyu, sannan na uku, cikin ɗan lokaci. Da aka tambaye su inda suka je a watannin baya, sai aka tarar dukansu an leƙa musu hanji ko tumbi da na'ura mai kyamara a cibiya guda, mallakar wani sanannen likita mai suna Dipak Desai. Jami'an hukumar da na Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka suka shiga wurin a watan Janairu, suka tsaya suna kallon yadda ake aiki.

Kafin a zura wa mutum na'urar, ana ba shi wani farin maganin barci mai suna furofofol ta jijiya. Masu binciken sun ga ma'aikacin da ke ba da maganin ya ɗebo da sabon sirinji ya tura. Da majinyacin ya bukaci ƙari, sai ya cire allurar, ya sa sabuwa a kan sirinjin nan dai, ya koma cikin kwalbar. Abin da ya rage a kwalbar kuma aka ajiye wa mai biye. A jikin kwalbar an rubuta ƙarara cewa ta mutum ɗaya ce. Abin lura a nan shi ne an yi wannan a gaban masu bincike, wato aikin ya zama jiki har mai yin sa ba ya ganin akwai abin ɓoyewa.

Binciken ya tsaya a kan ranaku biyu na shekarar 2007: 25 ga Yuli da 21 ga Satumba. A kowace ranar an yi wa wani mai tsohon ciwon hanta nau'in C aiki, sannan wani ko wasu daga cikin waɗanda suka biyo bayansa suka kamu. Hujjar da ta rufe bakin gardama ta fito ne daga ɗakin gwaji. Ƙwayar nau'in C tana saurin sauya tsarin halittarta, don haka ta jikin mutum biyu da ba su da alaƙa takan bambanta sosai. Da aka gwada ta sabbin majinyatan da ta mutumin da ya riga su shiga a ranar, sai aka tarar kusan abu ɗaya ne. Ranar 27 ga Fabrairu 2008 hukumar ta sanar cewa za ta aika wa mutum kusan 40,000 takarda, duk wanda aka yi wa allurar barci a cibiyar tun daga Maris 2004, su je a gwada su ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau. Kafin nan ba a taɓa yin sanarwa mai girman wannan a tarihin ƙasar ba. A rahoton ƙarshe na 2009, an tabbatar da mutum 9 da suka kamu a cibiyoyin likitan, da wasu 106 da ake kyautata zaton can suka ɗauka amma ba a iya tabbatarwa ba.

Tazarar da ke tsakanin 9 da 106 tana da muhimmanci. Mutanen nan ɗari da shida suna da cutar, kuma ba a same su da wata hanyar kamuwa da aka sani ba, sai dai lokaci ya ja har an rasa wanda za a gwada ƙwayarsu da tasa. Haka ɓarkewar irin wannan take a ko'ina: abin da ake iya kafa wa hujja kaɗan ne, sauran sai zato.

A kotu, tsofaffin ma'aikata sun ba da shaidar matsin da suke sha na tsimin kaya da gaggawar sallamar majinyata don a shigo da wasu. A watan Yuli 2013 aka sami Desai da laifuka 27, har da na kisa saboda mutuwar ɗaya daga cikin majinyatan, daga baya aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ya mutu a 2017 yana cikin wa'adinsa, kuma bayan mutuwarsa kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin kisan ta bar sauran. An ɗaure ɗaya daga cikin masu ba da maganin barcin shi ma. Shari'ar ba ta tsaya kan likitan ba. A 2010 wata kotu ta ci kamfanonin Teva da Baxter, mai haɗa maganin da mai rarraba shi, tarar dala miliyan 500, bisa hujjar cewa sun sayar wa irin waɗannan cibiyoyi manyan kwalabe masu mililita 50, alhali aikin na ɗan lokaci ne da ba ya cin rabin haka. Hujjar tana da ƙarfi. Wanda aka miƙa wa kwalbar da ta fi bukatar mutum ɗaya, aka kuma ce masa kada ya yi ɓarna, an riga an nuna masa hanyar kuskure.

Shekaru kaɗan kafin wannan, an ga irinsa a garin Fremont na jihar Nebraska, a wata cibiyar masu ciwon daji. Can ledar ruwan gishiri ce ta zama matattarar cutar. Wata ma'aikaciyar jinya takan ɗebi jinin majinyaci da sirinji ta robar da aka dasa masa a jijiya, sannan ta yi amfani da sirinjin ta zuƙo ruwa daga babbar leda don wanke robar, ledar kuma ta kowa ce har yini ya ƙare. A 2002 wani likitan ciki ya lura cewa majinyatansa huɗu masu nau'in C duk daga cibiyar suke. Da aka gwada waɗanda aka samu, mutum 99 ne suka kamu, mutanen da suka je neman tsira daga sankara. Likitan cibiyar ya bar ƙasar ya koma Pakistan. Ɗaya daga cikin majinyatan, Evelyn McKnight, ta kafa gidauniyar da ta yi ta fafutukar tsabtar allura, kuma irin wannan matsi ne ya taimaka aka ƙaddamar da gangamin da ke koya wa ma'aikatan Amurka ƙa'idar allura ɗaya, sirinji ɗaya, sau ɗaya tak.

Waɗannan abubuwa sun faru ne a ƙasar da sirinji ba ya yankewa, a hannun ma'aikata masu takardar shaida. Wannan ya isa ya rushe tunanin cewa matsalar ta talauci ce kawai, ko ta jahilci. Gaggawa, da son riba, da al'adar wurin aiki wadda sabon ma'aikaci yake tararwa ya bi ba tambaya, da rashin mai zuwa dubawa, su ne suka haɗu.

Ɓarna mafi girma da aka sani kuwa ba a asibitin kuɗi ta faru ba, kuma babu mugun nufi a cikinta. A Masar, cutar tsargiya ta daɗe tana addabar manoman da ke shiga ruwan Kogin Nilu da magudanansa. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 gwamnati ta yi gagarumin gangamin magance ta da wani tsohon magani mai suna tata-emetik, wanda ake yi ta jijiya, sau goma sha biyu ko fiye ga kowane mutum cikin 'yan makonni. Akan jera mutanen ƙauye a layi, manya da yara, likita ya yi wa ɗaruruwa cikin ƙasa da awa guda. Sirinjin gilashi ne, kaɗan ne kuma, ana ɗan tsoma su a tafasasshen ruwa a sake ɗauka. Da yake kowa yana dawowa sau da yawa, wanda ya kamu a makon farko yakan zama mai yaɗawa kafin a gama zagayen. A lokacin babu wanda ya san da nau'in C, domin sai a 1989 aka gano ƙwayarsa. An daina allurar ne da aka samu ƙwayar haɗiya ta farazikwantel, amma aikin gama ya gama.

Binciken ƙasa na 2008 ya nuna kusan kashi 15 cikin 100 na Misrawa masu shekara 15 zuwa 59 sun taɓa kamuwa da nau'in C, kimanin kashi 10 kuma suna ɗauke da shi, adadin da ya fi na kowace ƙasa a lokacin. Cutar ta fi yawa a ƙauyukan da gangamin ya fi shiga, da kuma tsakanin waɗanda shekarunsu suka nuna sun riski zamanin. Bayan an daina gangamin ma, ta ci gaba da yaɗuwa ta allurar yau da kullum a asibitoci da gidaje, domin inda masu ɗauke da cuta suka yi yawa, kowane ƙaramin sakaci yana da tsada. An ga makamancin wannan a kudancin Kamaru, inda bincike ya danganta yawan nau'in C tsakanin tsofaffi da alluran jijiya na zamanin mulkin mallaka.

Masar ɗin ce kuma ta nuna cewa ana iya gyara. A 2014 ta cimma yarjejeniya da kamfanin Gilead ta sami sabon maganin sofosbubir a kan kimanin dala 900, alhali a Amurka dala 84,000 ne a lokacin, daga baya kamfanonin cikin gida suka shiga haɗa shi farashin ya ƙara faɗuwa. Tsakanin ƙarshen 2018 da farkon 2019 an gwada mutum kusan miliyan 50, aka ba waɗanda aka samu magani kyauta. A watan Oktoba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Masar shaidar matakin zinare a kan hanyar kawar da nau'in C, ƙasa ta farko da ta samu.

Ba kullum cutar take zuwa a ɓoye ba. A farkon 2009 nau'in B mai tsanani ya ɓarke a garin Modasa na jihar Gujarat a Indiya, gomman mutane suka mutu cikin 'yan makonni. An kama wasu likitoci masu zaman kansu, an kuma gano rumbunan da ake tara tsofaffin sirinji daga sharar asibitoci ana wankewa a sake sayarwa. Wannan ya nuna cewa aikin bai ƙare da cire allura daga jikin mutum ba, sai an tabbatar ta shiga akwatin da ba a buɗewa, an ƙone ta ko an lalata.

Matakan kariya sanannu ne, kuma ba su da tsada idan aka gwada da kuɗin jinyar hanta. Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka matsa a koma sirinji mai kulle kansa a wajen rigakafi, wanda da zarar an tura shi sau ɗaya ba ya sake jawuwa. Wannan ne ya sa allurar rigakafin yara ta zama cikin mafi aminci a yau, kuma ya kamata iyaye su san haka. A 2015 hukumar ta nemi a faɗaɗa irin wannan sirinji zuwa alluran magani. Sai dai ƙira ba ta maye gurbin tarbiyyar aiki, domin akwai ayyukan jijiya da na maganin barci da har yanzu suke bukatar sirinji na gama-gari. A nan ƙa'idar ita ce sirinjin da ya taɓa majinyaci ko robarsa ba ya komawa kwalba, kwalbar mutum ɗaya ba ta zama ta biyu, ledar ruwa ba ta zama ta ɗaki, kuma ba a haɗa magani a kan teburin da ake ajiye kayan da jini ya taɓa. Sai mataki na gaba da kowa, wato rage allurar kanta, tunda da yawa daga cikin waɗanda ake yi, ƙwayar haɗiya za ta yi aikinsu daidai.

Wannan batu na ƙarshe ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Mutane da yawa suna ganin allura ta fi ƙwaya ƙarfi, ƙarin ruwa kuma ya fi allura, har majinyaci yakan ji ba a kula da shi ba idan an sallame shi da ƙwayoyi kaɗai. Mai kemis da ke son riƙe mai saye yakan biya masa wannan bukata a bayan kanti, inda babu mai dubawa. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya sami nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, nau'in C kuma kashi 1.1. Gaskiya ne galibin nau'in B a Afirka ta Yamma tun ƙuruciya ake ɗaukarsa, daga uwa ko tsakanin yara, ba a asibiti ba. Amma ma'anar alƙaluman ita ce a layin mutum goma sha biyu masu jiran allura, a matsakaicin lissafi ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da ƙwayar, kuma mai yiwuwa shi kansa bai sani ba.

Majinyaci yana da haƙƙin ya ga an yage ledar sirinji da ta allura a gabansa, ya kuma tambayi ko kwalbar da za a ɗebar masa an taɓa shigarta. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Nau'in B yana da rigakafi tun farkon shekarun 1980, kuma Najeriya ta sa shi cikin rigakafin yara a 2004, don haka manya da yawa da aka haifa kafin nan ba su samu ba, sai sun nema da kansu. Nau'in C ba shi da rigakafi, amma magungunan yanzu suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 a cikin kimanin wata uku. Gwajin farko na kowannensu ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, sakamakon kuma yana fitowa cikin 'yan mintuna. Duk wanda aka sha yi wa allura ko ƙarin ruwa a inda bai ga an buɗe sabon kaya ba, ya je a gwada shi, ko da yana jin lafiyarsa ƙalau.